Tanda ta ɓuya a Google: Yadda cinikin 'ba ni gishiri in ba ka manda' ke gudana tsakanin masu shafukan intanet

Idan ɗan Tanda da ke ci-rani a Kwatano ko Legas ya ɗauki wayarsa ya rubuta sunan garinsu a shafin matambayi-ba-ya-ɓata na Google, sai ya taki sa'a kafin garin ya fito masa a sahun farko.

Sunan ne yake da masu shi da yawa. Akwai Tanda a jihar Uttar Pradesh ta Indiya, garin da ya yi suna wajen saƙa. Akwai wata Tandar a arewa maso gabashin Kwaddibuwa. A ƙasar Meziko, adashi ake kira tanda. Wani kamfanin manhaja a Ostareliya ma sunansa ke nan. Bahaushe kuwa da ya ji kalmar, tandar toya waina ce za ta fara faɗo masa a rai.

Idan ya ƙara da "Gaya" don ya taimaka wa injin, nan ma da sauran rina a kaba: akwai Gaya ta jihar Bihar a Indiya, wadda miliyoyin masu ziyarar ibada ke nema, ga kuma Gaya ta jihar Kano.

Tandar da ake magana a kai ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Gaya, cikin jihar Dosso ta Jamhuriyar Nijar. Tana arewa maso yammacin garin Gaya, a gaɓar Kogin Kwara, inda ƙetaren ruwa ƙasar Benin ce, Kamba ta jihar Kebbi kuma ba ta da nisa ta gabas. Yanki ne na shinkafa da kifi da giginya, kuma yana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a duk faɗin Nijar. Dandawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Kyangawa duk suna zaune a wannan kusurwa.

Ba rashin labari ne ya ɓoye wurin ba. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba, aka toshe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville. Ko da ƙungiyar ta janye takunkumin a Fabrairun 2024, Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren, jama'a da kaya suka koma tsallakawa ta kwale-kwale. Wanda ke nesa yana son ya san nawa ake fito yau, ina ruwa ya kai, nawa buhun shinkafa. Amsoshin suna nan, amma suna yawo ne a saƙonnin murya na WhatsApp, inda idon Google ba ya kaiwa.

Wannan giɓin ne ke sa matasa buɗe ƙananan shafukan labarai da na kasuwanci. Da zarar sun buɗe kuma, sai su ci karo da tambayar da ta dami duk mai shafi a duniya: yaya za a yi mutane su same ni? Amsar da aka fi ba su ita ce su nemi mahaɗai, wato abin da wasu ke kira likau, rubutun nan mai launin shuɗi da ake latsawa ya kai mutum wani shafin.

Wa ya tsaya maka?

Zamanin da fatake ke bi ta Gaya su ƙetare kogi zuwa Gwanja sayen goro, baƙo ba ya samun bashi ko amana a kasuwa sai da fatoma, maigidan da ya sauke shi ya kuma tsaya masa. Darajar baƙon tana tafiya ne da darajar wanda ya ce "na san shi".

Kusan haka Google ya faro. A 1996 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford a Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka fara wani aiki da suka kira BackRub, wanda ke ƙirga shafukan da ke nuni zuwa ga wani shafi. Daga nan aka samu lissafin da ake kira PageRank, kuma a Satumban 1998 aka kafa kamfanin Google a kansa.

Dabarar mai sauƙi ce. Duk shafin da ya saka mahaɗi zuwa naka, tamkar ya ba da shaida ne a kanka. Sai dai shaida suna ta tara. Mahaɗi ɗaya daga shafin da shi kansa ɗaruruwan shafuka ke nuni gare shi ya fi hamsin daga shafukan da ba wanda ya san da zamansu. Haka kuma shafin da ke raba mahaɗai ga kowa da kowa, abin da zai kai ga kowane ɗaya kaɗan ne, kamar tuwon da aka kasa wa gayya.

Yau Google na duba abubuwa masu yawa ban da wannan: ko rubutun ya amsa tambayar da aka yi, harshen mai tambaya, wurin da yake, saurin buɗewar shafi a waya. Jami'an kamfanin sun sha cewa nauyin mahaɗai ya ragu idan aka kwatanta da da. Amma har gobe ta hanyar bin mahaɗi ne injin ke gano yawancin sababbin shafuka. Shafin da ba wanda ya nuna shi kamar gida ne a tsakiyar fadama ba turba.

Sana'ar gyara shafi don ya hau sama a sakamakon bincike ita ake kira SEO, a ɓangaren masu Faransanci kuma référencement. Neman mahaɗai reshe ɗaya ne a cikinta, kuma shi ne reshen da aka fi yin maguɗi.

Yadda cinikin yake

Duk wanda ya taɓa riƙe shafi na 'yan watanni ya san saƙonnin. Na farko shi ne na musaya kai tsaye: saka nawa in saka naka. A yankin da ake dafa gishiri a Fogha ba sai an yi wa kowa fassarar ba ni gishiri in ba ka manda ba.

Na biyu ya fi wayo. Mutum uku ne ke haɗa baki: na farko ya nuna na biyu, na biyu ya nuna na uku, na uku ya dawo kan na farko, don kada a ga hannu biyu suna cuɗar juna. Akwai zaurukan WhatsApp da Telegram da ba su da wani aiki sai wannan, kamar adashi, kowa da ranar kwasarsa.

Na uku kuɗi ne tsagwaronsa. A kasuwannin intanet irin su Fiverr ana tallar mahaɗai ɗari-ɗari har dubu a kan 'yan daloli. Abin da mai saye ke samu galibi tarkace ne: sunan shafinsa a ƙarƙashin sharhin wasu shafuka da aka yi watsi da su, ko a jerin adireshi da inji ya zuba, cikin harsunan da shi kansa bai iya karantawa ba.

Akwai kuma cinikin da ke zuwa ta ɗaya gefen, kuma shi ya fi shafar 'yan jarida. Wani zai aiko da imel cikin ladabi, ya ce yana da maƙala da zai ba ka kyauta, har ma ya ɗora maka kuɗi, sharaɗin kawai ka bar mahaɗi ɗaya a cikinta. Idan ka bi mahaɗin, sau da yawa gidan caca ne, ko masu bashin gaggawa, ko masu sayar da maganin da ba a san asalinsa ba. Ga matashin da ke sayen data da kuɗin aljihunsa, jaka goma ko ashirin ta sefa ba abin rainawa ba ce. Amma abin da ya sayar shi ne sunan da masu karatu suka yarda da shi, kuma ƙaninsa na iya zama na farkon da zai latsa.

Ƙa'idojin Google a fili suke kan wannan. Saye da sayar da mahaɗi don ɗaga matsayi, musayar da ta wuce kima, da amfani da inji wajen watsa mahaɗai, duk suna cikin abin da kamfanin ya lissafa a matsayin maguɗi. A lura da kalmar "wuce kima". Idan shafin ƙungiyar manoman shinkafa ya nuna shafin masu sayar da iri, su ma suka nuna shi saboda suna hulɗa ta gaskiya, ba wanda zai ce an yi laifi. Matsalar tana farawa ne inda shafin labaran Gaya ke nuna shagon takalma a wata nahiya ba gaira ba dalili.

Manyan da suka sha bulala

Masu cewa ai ba a kamawa, tarihi bai goyi bayansu ba.

A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda katafaren kantin nan na Amurka, J.C. Penney, ya yi watanni yana fitowa na ɗaya a binciken kaya iri-iri, daga riguna zuwa zannuwan gado. Dubban mahaɗai ne aka dasa masa a shafukan da ba ruwansu da tufafi. Da Google ya ɗauki mataki, a binciken kujerun falo kantin ya faɗo daga na 1 zuwa na 68. Kamfanin ya ce bai san an yi ba, ya kuma sallami waɗanda ya ɗauka aikin.

A Disamban 2013 shafin Rap Genius, mai wallafa baitocin waƙoƙi, ya yi irin cinikin da matasanmu ke yi yanzu. Ya nemi masu ƙananan shafuka su saka mahaɗai zuwa shafukansa na waƙoƙin Justin Bieber, shi kuma ya tallata su a Twitter. Ko sisi ba a ce a bayar ba. Duk da haka Google ya tura shi can baya, har wanda ya rubuta sunan shafin da kansa ba ya ganin sa a shafin farko. Sai da suka kwashe kusan kwana goma suna bin mahaɗan suna gogewa kafin a dawo da su.

Abin dariyar shi ne Google ya taɓa hukunta kansa. A Janairun 2012 aka gano wani tallan da aka biya na manhajar Chrome ɗauke da mahaɗin da ya saɓa wa ƙa'ida, kamfanin ya rage wa shafin Chrome matsayi na kwana 60.

Babbar girgizar ta zo ne ranar 24 ga Afrilun 2012, da sabon tsarin tacewa mai suna Penguin, wanda Google ya ce ya taɓa kusan kashi 3 cikin 100 na binciken da ake yi da Ingilishi. Shafuka da dama da suka gina kansu kan mahaɗan saye suka wayi gari ba baƙo. Daga 2016 salon ya sauya: maimakon a hukunta shafin, sai a yi kamar ba a ga mahaɗin banzan ba. A Disamban 2022 kuma kamfanin ya sanar da cewa yana amfani da ƙirƙirarriyar basira mai suna SpamBrain wajen gano masu saye da masu sayarwa.

Ma'anar wannan ga yaron da ya tura kuɗinsa don a ba shi mahaɗai dubu ita ce, mafi yawan lokuta ba abin da zai same shi, ba kuma abin da zai samu. Kuɗin ne kawai suka tafi.

Mahaɗin da ba ya ɗauke da shaida

Wani abu da masu tallar ba sa faɗa shi ne ba kowane mahaɗi ne ake ƙirgawa ba. Tun 2005 Google da Yahoo da Microsoft suka amince da wata alama da ake liƙa wa mahaɗi a ɓoye, mai suna nofollow, wadda ke gaya wa injin cewa na nuna wannan shafi amma ban tsaya masa ba. A 2019 aka ƙara wasu biyu, ɗaya ta mahaɗin talla, ɗaya ta abin da masu karatu suka rubuta da kansu.

Yawancin mahaɗan da ake sakawa a shafukan sada zumunta da wuraren sharhi irin wannan alama suke ɗauke da ita. Wikipedia ma haka take yi wa mahaɗan da ke fita waje tun 2007, kuma editocinta ba sa wasa da mai zuwa tallar kansa. Don haka wanda ya kwana yana watsa adireshin shafinsa a sharhin Facebook zai iya samun masu latsawa, wanda ba laifi ba ne, amma kada ya zaci matsayinsa a Google yake ginawa.

Alamar tallan nan kuma ita ce mafita ga gidan jaridar da ke son karɓar talla ba tare da ya ci amanar kowa ba: a rubuta wa mai karatu cewa talla ne, a liƙa wa mahaɗin alamarsa. Mai neman tallan gaskiya zai yarda. Wanda ya ce a'a, dama ba masu karatunka yake so ba, shaidarka yake son saye.

Abin da Tanda ke da shi

A ganina masu shafuka a wurare irin su Tanda suna raina jarin da ke hannunsu. Mai shafin wayoyi ko ƙwallon ƙafa yana kokawa ne da dubban shafuka masu kuɗi. Mai rubutu kan farashin shinkafa a kasuwannin gundumar Gaya, ko kuɗin fito zuwa Malanville, ko halin da masunta ke ciki a Albarkaize, kusan shi kaɗai ne a fili.

Irin wannan bayani ne ke jawo mahaɗi ba tare da roƙo ba. Ɗan jarida a Yamai ko Birnin Kebbi da ke rubutu kan rufe iyaka yana buƙatar wanda ya je bakin ruwa ya gani. Ɗalibi a Jami'ar Dosso ko ta Abdou Moumouni yana buƙatar jerin farashi na wata shida da aka rubuta da kwanan wata. Ƙungiyar agaji tana buƙatar hoton inda ambaliya ta kai bara. Idan shafi ya riƙa ajiye waɗannan a tsare, mako bayan mako, da hoton da mai shi ya ɗauka da hannunsa, wata rana za a ambace shi. Mahaɗi ɗaya daga kafa irin su Studio Kalangou ko kamfanin dillancin labarai na ANP ya fi duk abin da za a saya a kasuwar dare.

Sai dai a nan akwai laifin da ya kamata mu 'yan jarida mu amsa. Al'adar kwafe ta yi mana katutu. Ƙaramin shafi zai sha wahala ya samo labari, babba ya ɗauke shi har da hoton, ya rubuta "majiyarmu ta ce" ko "rahotanni sun nuna", ba suna balle mahaɗi. Da yake babban ya fi ƙarfi a idon injin, kwafin ne zai fito sama, asalin ya nutse. Kafafen Hausa suna yawan kukan cewa harshen ba shi da ƙarfi a intanet, alhali su da kansu suke ƙin ɗaure wa juna gindi. Wanda aka kwafe wa aiki yana da haƙƙin ya rubuta wa editan cikin mutunci ya nemi a saka mahaɗi zuwa asalin labarin, kuma wannan ita ce hanyar neman mahaɗi mafi tsabta da na sani.

Akwai kuma matsalar rubutu, wadda ta fi tsanani a bakin iyaka. Gari ɗaya yana iya samun suna uku: yadda Faransanci ya rubuta, yadda Ingilishi ya rubuta, da yadda masu garin ke faɗa. Dogondoutchi da Dogon Dutse wuri ɗaya ne, haka Niamey da Yamai. A Nijar ana rubuta ƴ, a Najeriya 'y. Mai bincike a waya kuma sau da yawa ba ya wahalar da kansa da ƙ ko ɗ. Mai shafi mai lura yakan kawo sunan ta fuskokin da mutane ke rubuta shi a cikin labarin, ya kuma cika adireshin garin tun daga kanun: Tanda, Gaya, Dosso, Nijar. Wannan kaɗai ya isa ya raba shi da Indiya.

Sauran hanyoyin ba sa cin ko dala. Mai shago ko masauki zai iya rajistar wurinsa a taswirar Google. Ana iya saka unguwanni da makarantu da mashigai a OpenStreetMap. Ana iya faɗaɗa bayanin garin a Wikipedia ta Hausa da hujjoji, ko da ba za ta ɗaga shafin mutum ba, don garin kansa ya samu fuska. Ƙungiyoyin 'yan asalin yankin da ke Kwatano ko Akara ko Legas, idan suna da shafi, su ne suka fi cancanta su nuna shafin gida.

Lamarin ya ƙara nauyi tun Mayun 2024, lokacin da Google ya fara ɗora taƙaitacciyar amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincike. Masu shafuka a duniya suna kukan cewa hakan na rage masu shigowa wurinsu, tunda mutum ya samu amsa ba sai ya latsa ba. Amma amsar daga rubutun da injin ya iya samu ake haɗa ta. A Maris ɗin 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa; idan aka tambayi injin game da Tanda da Hausar, abin da wani ya zauna ya rubuta ne kawai zai iya kawowa.

Ranar da haya ta ƙare

Mai shafi zai iya ganin waɗanda ke nuna shi kyauta ta Google Search Console, inda kuma ake sanar da shi idan an ɗauki mataki a kansa. Tun Oktoban 2012 akwai hanyar da mutum zai ce wa Google ya barranta da wasu mahaɗai, ko da yake kamfanin da kansa yana cewa yawancin shafuka ba sa buƙatarta, sai wanda ya san ya yi saye.

Haɗarin da ya fi kusa da ƙananan shafuka ma ba hukunci ba ne. Sunan shafi, ko mai ƙarewa da .ne na Nijar ne, ko .ng na Najeriya, ko .bj na Benin, ko .com, haya ake yi, galibi shekara-shekara. Idan mai shi ya tafi ci-rani ko katin bankinsa ya ƙi aiki ranar biya, bayan ɗan wa'adi sunan zai koma kasuwa. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su jira sunan da ya tara mahaɗai ya faɗi, su saye, su cika shi da tallar caca. Abin ya yi yawa har Google ya fito da ƙa'ida ta musamman a kansa a Maris ɗin 2024.

Idan haka ta faru, duk jaridar da ta taɓa nuna labarin ambaliyar Tanda, mai karatunta zai latsa ya tsinci kansa a gidan caca. Sanarwar ƙarewar hayar kuwa tana zuwa ne ta adireshin imel ɗin da aka yi rajista da shi tun farko, wanda sau da yawa na mai shagon kwamfutar da ya taya buɗe shafin ne.